Nana Asma'u: Fassara Ma Ilimi Ce

Duk wanda ya taɓa zama a zauren karatu a Kusfa, cikin birnin Zariya, ya san tsarin: ɗalibi ya ja baƙi da Larabci, malam ya fassara da Hausa, sannan ya yi sharhi. Wannan aiki ya daɗe a ƙasar Hausa, kuma cikin waɗanda suka yi fice a kansa akwai Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

An haife ta a Degel a 1793, ta rasu a Sakkwato a 1864. Ta rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana zaɓar harshe gwargwadon kunnen da take nufi. In da malamai take magana, sai Larabci. In kuwa talakawa da matan karkara ne, to Hausa.

Ɗauki waƙar Tabbat Haƙiƙa. Shehu ya yi ta da Fulatanci, ita kuma wajen 1831 ta mayar da ita Hausa, a waƙe. Ai ba ƙaramin aiki ba ne: sai ka riƙe ma'ana, ka riƙe kari, ka riƙe amsa-amo, duk a lokaci guda. Haka ta ɗauki littafin da ɗan'uwanta Muhammadu Bello ya rubuta da Larabci kan mata salihai, ta tace shi, ta ƙara sunayen matan zamaninta, ta mayar da shi waƙa. Kun ga ke nan sai da ta yi nazari kafin ta fassara.

Ba ta tsaya nan ba. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa shugabar ayari, wato jaji, da malfa da jan rawani. Jajoji su haddace waƙoƙin, su kai wa mata a ƙauyuka. A 1997 Jean Boyd 'yar Ingila da Beverly Mack 'yar Amurka suka tattara ayyukanta suka buga tare da fassarar Turanci.

To, mu fa, 'yan'uwa ɗalibai? Muna karanta lantarki da akanta da aikin gona, duk da Turanci. In ka koma gida hutu, za ka iya yi wa Inna bayanin abin da ya sa mita ke cinye mata kuɗi, da Hausar da za ta gane? In abin ya gagara, wallahi da sauran karatu. Gwada da darasi ɗaya a wannan zangon, ka ga inda za ka cije.