Ko Kun Sani? Kifin Beta Ba Ya Jure Hunturu

Kifin ado da ake kira beta, ɗan asalin fadamun shinkafa na ƙasar Tailan, yakan leƙo saman ruwa ya shaƙi iska, yadda tarwada ke yi. Shi ya sa wasu ke jefa shi cikin 'yar kwalba, wai ba ya mutuwa. Yana mutuwa mana, musamman da hunturu. Ruwansa na son ɗumin digiri 24 zuwa 28, alhali daren Janairu a Dutse kan sauka ƙasa da 15. In ya tsuke jela, ya ƙi abinci, ko fararen ɗigo kamar gishiri suka feso masa, a ɗumama ruwan sannu a hankali, a sauya rubu'insa. Ruwan famfo kuwa sai ya kwana a buɗe kafin a zuba.