Kube Rabin Wuƙa Ne

Duk shekara idan Babbar Sallah ta ƙarato, kasuwar wuƙa kan buɗe a Kano. Daga bakin Abbatuwa da ke Fagge zuwa 'Yankura da kasuwar Sabon Gari, ana baje wuƙaƙen maƙera, magidanta na gwada kaifi da babban yatsa, ana tayi ana sallamawa. Mai saye kan daɗe yana juya ruwan wuƙa da ƙotarta, amma da wuya ya ɗauki kube ya leƙa cikinsa. In an haɗa masa da shi ya karɓa a matsayin gyara, in babu ya naɗe wuƙar a takardar siminti ya cusa a aljihu. Wannan sakaci yana jawo asara uku: wuƙa ta dakushe ko ta yi tsatsa, mai ita ko yaronsa ya ji rauni, sana'ar dukanci kuma ta ci gaba da ja da baya. Wuƙar da aka ƙera da hannu ba ta cika ba sai da kuben da aka ɗinka a kan awonta, daga fatar da ta dace, kuma ingancin kube a cikinsa yake, ba a zanen bayansa ba.

Mutanen Kano sun san wannan tun da daɗewa. Lokacin da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takubba wajen 50,000 ke shigowa birnin kowace shekara, galibinsu ƙirar Solingen ta Jamus. Tsirara suke ƙetaro hamada. A Kano ake sa musu ƙota, a ɗinka musu kube, sannan a sayar wa Azbinawa da Fulani da Nufawa da Barebari. Turai ta iya ƙarfe, amma takobin bai zama abin ratayawa ba sai da ya bi ta hannun dukawan Kano. Fagge, wadda ke wajen ganuwa, ita ce a lokacin masaukin ayarin Buzaye masu kawo gishiri, mutanen da takobi da wuƙar damtse ke cikin suturarsu ta kullum. Barth ya kuma ambaci jar fata da ake rinawa da karan dafi ana kaiwa har Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi ce ta yi suna a Turai da sunan fatar Maroko, don ta can take bi kafin ta isa ga Turawa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai fata ta koma bin hanyar teku, yawancinta ɗanya ko mai rabin jima, aikin gamawa kuma ya koma hannun wasu.

Dalilin farko da ya sa wuƙar maƙeri ke buƙatar kube na musamman shi ne irin ƙarfenta. Maƙeranmu sun fi ƙera wuƙa daga tsohon sifirin mota da makamantansa. Ƙarfe ne mai ɗaukar kaifi da sauƙin wasawa, shi ya sa mahauta da masu tsire suka fi son sa a kan wuƙar kanti mai ƙyalli, sai dai ba ya jure laima: ɗigon jini ko ruwa ya kwana a kansa, da safe an ga jan tabo. Dalili na biyu shi ne babu wuƙaƙen hannu biyu da suke daidai da juna. Wannan ta fi faɗi a ciki, waccan tsininta ya fi lanƙwasa. Kuben da aka yanka barkatai a jibge a kasuwa, ko dai ya yi wa wuƙa yawa ta riƙa rawa a ciki tana goga kaifinta har ta zame idan mutum ya sunkuya, ko ya yi mata kaɗan a tura ta da ƙarfi ta huda gefe. Wanda ba zai sayi takalmi bai gwada a ƙafarsa ba, bai kamata ya sayi kube bai zura wuƙarsa a ciki ba.

Daga nan sai maganar fata, wadda a nan ne aka fi yi wa mai saye rufa-ido. Jima iri biyu ce. Akwai ta gargajiya, wadda har yau majema ke yi a Ƙofar Wambai: a jiƙa fata a ruwan toka a kankare gashi, a wanke, sannan a tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa na kwanaki har ya ratsa ta. Akwai kuma ta masana'anta, irin ta kamfanonin Challawa da Sharaɗa da Bompai, wadda ake yi da gishirin kurom. Wannan hanya ta bazu bayan 1884, lokacin da Augustus Schultz ya yi rajistar dabararsa a Amurka, kuma da ita ake jeme mafi yawan fatar duniya a yau, saboda tana ƙarewa cikin kwana ɗaya ko biyu, ta ba da fata mai laushi da miƙewa. Laushin nan alheri ne ga takalmi da jaka da kujerar mota, amma aibi ne ga kube. Fatar bagaruwa idan aka jiƙa ta aka danna ta a jikin abu, takan ɗauki siffarsa ta bushe a haka da tauri. Fatar kurom ba ta riƙe siffa, sai ta saki. Rarrabe su ba wuya. A dubi bakin da aka yanka: ta kurom kan nuna shuɗi-shuɗi mai toka a tsakiya, ta bagaruwa kuwa ruwan ƙasa ce ciki da bai. A ɗiga ruwa a inda ba a shafa wa komai ba: ta bagaruwa za ta sha ta yi duhu, kuma in an danna farce alamar za ta zauna. Ledar da ake kira fata kuwa, a juya bayanta za a ga saƙar yadi.

Ba kowace fatar bagaruwa ce ke iya tsayawa ita kaɗai ba. Fatar akuya, duk da kyaunta da ƙarfinta, siririya ce, tsinin wuƙa na iya fasa ta. Shi ya sa dukawan da suka san aiki ke gina kube hawa biyu: a ciki ƙirgin saniya mai kauri ko siririn katako, a waje jar fatar akuya da ake yi wa zane da baƙin kuloko. Na ciki shi ke tare kaifi, na waje shi ke ɗaukar ido. Idan kuben hawa ɗaya ne, ana son ƙirgi mai kaurin milimita 3 ko kusa da haka. Matsalar ita ce ƙirgi ya yi tsada, domin fatar shanu da yawa ba ta kaiwa majema, a tukunya take ƙarewa a matsayin ganda. Sai wasu suka koma cusa kwali a ciki su lulluɓe shi da fata mai sheƙi. Irin wannan kube yana da kyan gani ran saye, amma damina ɗaya ta ishe shi. Mai saye ya matse kuben tsakanin yatsunsa babu wuƙa a ciki: in ya lotsa bai dawo ba, ya ajiye shi.

Wajen ɗinki, abu guda ne ya fi komai muhimmanci, kuma ba a ganinsa daga nesa. Baduku mai lura yakan sa wani siririn yanki na fata mai kauri tsakanin ɓangarori biyu na kube, ta gefen da kaifi zai kwanta, sannan ya huda da basilla ya ɗinke su ukun tare. Amfaninsa shi ne duk lokacin da aka zura wuƙa ko aka zare ta, kaifin kan wannan yanki yake sauka, bai kai ga zare ba. Inda babu shi, wuƙa kan yanke ɗinkin kaɗan-kaɗan, har ranar da za ta ɓullo ta sami cinya ko tafin hannu. A leƙa gefen kube a ƙirga: hawa uku ake nema, ba biyu ba. Zaren ya zama mai ƙarfi da aka goga wa kakin zuma, ɗinkin ya tafi a jere, a kuma maimaita shi a baki inda aka fi wahalar da kube. Bayan ɗinki sai a jiƙa fatar, a shafa wa wuƙa mai a naɗe ta da leda, a zura ta, a bi da yatsu ana dannawa har kube ya kama siffarta, a bar shi ya bushe a inuwa, domin rana da wuta na ƙona fata ta tsattsage. Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne: a kifa kube a girgiza a hankali, wuƙar aiki ba za ta faɗo ba, kuma hannu ɗaya ya isa ya zaro ta.

Wani zai ce wannan duk tsawaita zance ne, tun da kube mai kyau na iya kusan kai kuɗin wuƙar kanta. Gaskiya ne yana da tsada, amma lissafin ba na rana ɗaya ba ne. Wuƙar da ke yawo a cikin kwano ko akwatin babur tana gogayya da ƙarafa, kullum sai an kai ta wasawa, kowace wasawa kuma cin ƙarfe ce, har ta siranta ta ƙare kafin lokacinta. Ɗinkin rauni ɗaya a asibiti da allurar rigakafin sandarewar jiki sun ishi mutum ya gane cewa araha ba ta ado.

Wani kuma zai ce fata kan riƙe laima, kuben roba ya fi ta. A nan akwai gaskiyar da ya kamata a amsa. Sinadarin bagaruwa idan ya haɗu da ƙarfe da ruwa yakan yi baƙi. Ta haka ma ake samun kuloko, daga gutsattsarin ƙarfe da aka jiƙa. Saboda haka wuƙar da aka mayar kube da danshi a watan Agusta za ta fito da tabo. Haka nan mahaucin da ke cikin jini tun asuba, kuben da ake iya wankewa da ruwan zafi, na roba ko na sanholo, ya fi masa tsafta, kuma shi ake amfani da shi a mayankan zamani. Amma wannan bai shafi makiyayi da manomi da mafarauci da magidanci ba, waɗanda wuƙarsu a bushe take wuni. Su abin da ke kansu shi ne su goge wuƙa ta bushe kafin su mayar, su shafa mata ɗan mai, in za a ajiye ta watanni kamar wuƙar layya su raba ta da kube. Kuben ma a ɗan shafa masa man kaɗanya lokacin hunturu don kada ya tsage, ba a cika ba, domin mai da yawa na kashe taurinsa.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na tsaro. A garin da ake kuka da faɗan daba da ƙwacen waya, wasu na ganin gyara sana'ar kube tamkar ƙarfafa yawo da makami ne. Damuwar tana kan hanya, sai dai ta sauka inda bai dace ba. Mai niyyar ɓarna ba ya jiran baduku. Tsumma ya ishe shi. Masu buƙatar kube su ne waɗanda wuƙa ke cikin neman halalinsu, suna shiga Adaidaita Sahu da ita, suna ratsa cunkoson Kantin Kwari, suna ajiye ta a gidan da yara ke rarrafe. Musulunci ma ya ja hankali ga hakan: Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana a miƙa wa juna takobi tsirara, Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito umarninsa ga mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani. Rufe kaifi haƙƙin jama'a ne a kan mai wuƙa. Hana yawo da makami ba bisa ƙa'ida ba aikin hukuma ne, kuma ba ya cin karo da wannan.

Gyaran a hannun mai saye yake. Baduku yana ɗinka abin da kasuwa ke biya ne. Muddin ana taya kuben kwali da na ƙirgi kuɗi ɗaya, kwali zai ci gaba da yi. Maƙeri da majemi da baduku duk suna nan tsakanin Fagge da Ƙofar Wambai da Kasuwar Kurmi, tafiyar da ba ta fi ƙarfin ƙafa ba. Wanda ya sayi wuƙa ya naɗe ta da kyau ya kai wa baduku, ya nemi fatar bagaruwa, ya ce a sa masa yankin da ke tare kaifi, ya yi haƙurin kwanakin bushewa, ya kuma biya ladan aikin ba tare da ƙwaƙwa ba. Idan masu irin wannan buƙata suka yawaita, majemi zai sami dalilin sayen ƙirgi kafin mai ganda ya riga shi, baduku kuma zai sami abin da zai koya wa ɗansa.