3.4 Jinyar Mai Ciwon Daji a Lokacin Makoki

A sashen da ya gabata an yi bayanin matsayin mai jinya a gidan Bahaushe. A nan kuwa za a dubi halin da yakan shiga idan aka yi rasuwa a gida, alhali ana tsakiyar yi wa wani ɗan'uwa maganin ciwon daji, wato sankara.

Makoki a al'adar Hausawa abu ne mai tsari da iyaka. Akan yi zaman karɓar gaisuwa, a yi sadakar uku, a wasu wurare har da ta bakwai da ta arba'in. Matar mamaci kuma ta shiga takaba ta wata 4 da kwana 10, matuƙar ba ta da ciki. Shi ma maganin daji yana da nasa lissafin kwanaki, sai dai ba ruwansa da makoki. Maganin da ake ɗurawa ta jijiya, wanda ake kira kemo, sau da yawa ana maimaita shi ne bayan kowane mako 3. Gashi kuwa akan yi shi kwana 5 a mako, har tsawon makonni a jere, kuma tsallake kwanaki yana rage amfaninsa. Ga shi ba kowane asibiti ne ke da na'urar gashi ba, sai an yi tattaki zuwa manyan asibitoci irin na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ke nan, mai yiwuwa ranar sadakar ukun mahaifi ta riski ɗa yana bakin ɗakin gashi tare da mahaifiyarsa, dangi kuma suna cigiyarsa a gida.

Wani haɗari da ba a cika lura da shi ba shi ne cinkoson masu gaisuwa. Kemo yana karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, sukan kuma yi ƙasa sosai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ɗura maganin. A wannan tsakani, murar da wani ya shigo da ita tana iya kwantar da majinyaci, zazzaɓin da ya kai awo 38 kuwa na garzayawa asibiti ne nan take. Don haka keɓe masa ɗaki, a riƙa karɓar gaisuwa a madadinsa, ba wulaƙanta baƙi ba ne, duk da cewa wasu za su ɗauke shi haka.

Har wa yau akwai al'adar ɓoye wa marar lafiya labarin mutuwa, don kada ciwonsa ya tashi. Niyyar mai kyau ce, amma nauyinta a kan mai jinya yake sauka: shi ne zai haɗiye kuka, ya shiga ɗaki da fara'a, ya ƙago amsa duk lokacin da aka tambaye shi ina wane. Tun da maganin daji na watanni ne, da wuya sirrin ya daɗe. Majinyaci yakan gane daga fuskoki, ko ya tsinta a bakin yara. Ya fi dacewa wani babba da yake jin nauyinsa ya sanar da shi, bayan an shawarci likita.

Dangane da baƙin cikin shi kansa mai jinya, wasu masana biyu na ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun nuna a shekarar 1999 cewa wanda aka yi wa rashi yakan yi kai-komo ne tsakanin jimami da hidimomin rayuwa, yana buƙatar duka biyun. Jinya takan tsare mutum a ɓangaren hidima kaɗai. Shi ya sa akan ga wanda aka yi ta yaba wa dauriyarsa ranar jana'iza ya zube bayan watanni, da rashin barci da ƙin abinci, lokacin da masu gaisuwa sun daɗe da watsewa. Abin da ke rage wannan shi ne a raba jinya tsakanin dangi tun da wuri, wani ya ɗauki kwanan asibiti, wani ya ɗauki neman kuɗin magani. Idan kuwa mai takaba ce kaɗai ke da halin raka 'yarta asibiti, malamai sun yarda ta fita saboda larura.