Shari'ar Casey Anthony: Me ya sa hukuncin ya harzuƙa Amurkawa?

Ranar 5 ga watan Yulin 2011 wata kotu a birnin Orlando na jihar Florida ta wanke Casey Anthony, mai shekaru 25, daga zargin kashe 'yarta Caylee, wadda ta mutu tana da shekaru biyu.

Ɗaruruwan mutanen da suka yi cincirindo a harabar kotun sun yi Allah wadai da hukuncin. Wani jin ra'ayi da jaridar USA Today da kamfanin Gallup suka gudanar a wancan lokaci ya nuna cewa kashi 64 cikin ɗari na Amurkawa na ganin lallai, ko kuma mai yiwuwa, ita ce ta kashe yarinyar.

Kwanaki 31

An yi wa Caylee ganin ƙarshe ne ranar 16 ga watan Yunin 2008, amma ba a sanar da 'yan sanda ba sai ranar 15 ga watan Yuli. Ko a ranar ma kakar yarinyar ce ta kira su, ba mahaifiyar ba.

A tsakanin waɗannan ranaku an ɗauki hotunan Casey tana shaƙatawa a gidajen rawa. Da 'yan sanda suka tuhume ta, sai ta ce wata mai raino ce ta tafi da yarinyar, ta kuma ce tana aiki a kamfanin Universal Studios. Bincike ya nuna cewa duka maganganun biyu ƙarya ne.

A watan Disambar 2008 aka gano ƙasusuwan Caylee a wani kurmi da ke kusa da gidan iyayen Casey.

Abin da ya faru a kotu

Masu gabatar da ƙara sun nemi a yanke mata hukuncin kisa, suna cewa ta shaƙa wa yarinyar sinadarin kuloroform, sannan ta liƙe mata baki da hanci da salatif.

Shi kuwa lauyan da ke kare ta, Jose Baez, cewa ya yi yarinyar ta nutse ne a wurin ninƙaya na gidan, kuma kakanta ya taimaka aka ɓoye lamarin. Kakan ya musanta wannan zargi.

Sai dai babbar matsalar masu gabatar da ƙara ita ce gawar ta shafe kusan watanni shida a daji. Likitar da ta duba ta ta ce kisa ne, amma ba ta iya tantance yadda aka yi shi ba. Babu wanda ya ga abin da ya faru da idonsa.

A tsarin shari'ar Amurka, ba alƙali ne ke yanke cewa mutum na da laifi ba a irin wannan shari'a. Wasu mutane 12 ne da ake zaɓowa daga cikin jama'a, kuma doka ta ce kada su kama mutum da laifi muddin akwai shakka mai ma'ana a kan hujjojin. Bayan tattaunawar ƙasa da sa'o'i 11, sun wanke ta daga kisan kai da cin zarafin yarinya, suka same ta da laifuka huɗu na yi wa 'yan sanda ƙarya.

An yanke mata ɗaurin shekaru huɗu, amma da aka ɗebe zaman da ta riga ta yi a tsare, sai aka sake ta ranar 17 ga watan Yuli. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta soke biyu daga cikin laifukan huɗu.

Tambayoyi biyu daban

Tushen fushin shi ne jama'a da kotu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Jama'a na tambayar wace irin uwa ce za ta yi wata guda ba ta nemi 'yarta ba. Kotu kuwa na tambayar ko an tabbatar da yadda yarinyar ta mutu, da kuma wanda ya kashe ta.

Gidajen talabijin sun ƙara rura wutar. An watsa shari'ar kai tsaye har tsawon makonni shida, kuma mai gabatar da shiri Nancy Grace ta tashar HLN ta shafe shekaru uku tana bin batun, tana nuna cewa uwar ce mai laifi. Da yawa daga masu kallo sun gama yanke nasu hukuncin tun kafin a zauna kotu.

Ɗaya daga cikin mutanen 12 ta shaida wa tashar ABC cewa ba wai sun ce Casey ba ta aikata komai ba ne, hujjar ce ba ta isa ba. Saboda barazanar da aka riƙa yi musu, alƙali Belvin Perry ya hana bayyana sunayensu har zuwa watan Oktoba.

Dokar Caylee

Da yake kundin tsarin mulkin Amurka ya hana sake gurfanar da wanda aka wanke a kan laifi guda, fushin sai ya koma kan majalisu. Mutane sama da miliyan ɗaya suka sa hannu a wata takardar koke ta intanet, suna neman a mai da ƙin sanar da ɓacewar yaro babban laifi.

Jihohi da dama, ciki har da New Jersey, sun kafa irin wannan doka. Ita kuwa Florida, a 2012 ta tsananta hukunci ne a kan mai kula da yaro da ya yi wa 'yan sanda ƙarya game da ɓacewarsa.

Masu sukar dokokin na cewa an yi su ne cikin fushi, kuma za su iya faɗawa kan iyayen da ruɗewa ta hana su kai rahoto da wuri. Magoya bayansu kuwa na cewa da an kira 'yan sanda a ranar farko, da wataƙila an gano gawar kafin hujjoji su lalace.

Ba a taɓa samun kowa da laifin mutuwar Caylee ba.