Yadda Safiyo Ke Auna Ƙasa da Alwatika

A shekarar 1929 ne hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta iso Ƙauran Namoda. Kafin a shimfiɗa ƙarfe ko ɗaya, sai da ma'aunan ƙasa, waɗanda ake ce wa safiyo, suka riga suka auna daji da tudu da rafi. To, yaya mutum zai auna wurin da ƙafarsa ba ta iya takawa? Dabarar tana cikin alwatika.

Alwatika zane ne mai gefe uku da kusurwa uku. Ku ɗauki taswirar Jihar Zamfara, ku ja layi daga Ƙaura zuwa Zurmi, daga Zurmi zuwa Shinkafi, sa'an nan ku komo Ƙaura. Kun zana alwatika ke nan. Abin da za ku riƙe shi ne, in an san tsawon gefe ɗaya da girman kusurwoyi biyu da ke bakinsa, an san alwatikar duka.

Ga misali. A ce gulbin Gagare ya cika da damina, ana so a san faɗinsa don a gina gada. Wanda ya faɗa ruwan da igiyar awo yana iya halaka. Sai safiyo ya zaɓi wata giginya a ƙetare, ya kafa turke daidai da ita a gaɓar da yake. Ya bi gaɓa ya auna mita 100, ya kafa turke na biyu. Daga nan ya girka madubinsa mai ƙafa uku a kan turke na farko, ya hangi na biyu, ya juya madubin ya hangi giginya. A ce juyin ya ba shi digiri 90. A turke na biyu ya sake yin haka, ya sami digiri 45.

Sauran aiki a takarda ne. Ya ja layi mai santimita 10 a madadin mita 100, ya zana kusurwoyin nan biyu a bakunansa, ya miƙa layukansu har su haɗu. Mahaɗarsu ita ce mazaunin giginya. In ya auna daga mahaɗar zuwa turke na farko, zai sami santimita 10, watau mita 100. Ya san faɗin gulbi, ko ƙafarsa bai jiƙa ba.

Haka aka yi taswirar ƙasashe. Safiyo kan kafa alamar siminti a bisa duwatsu masu tsawo, ya hangi wannan daga wancan, gefen alwatika ɗaya ya zama tushen ta gaba, har su game ƙasa kamar saƙar taru. Kuskure kaɗan a awon farko yakan bi sauran duka, saboda haka akan maimaita shi sau da yawa.

Matuƙin jirgin ruwa ma haka yake yi. In ya hangi alamu biyu a gaɓar teku, sai ya duba wajen da kowace take da kamfas, ya ja layuka biyu a taswirarsa. Inda suka gitta, nan jirginsa yake, sai ya kauce wa duwatsun ƙarƙashin ruwa.

Yau safiyo na amfani da taurarin ɗan'adam, waɗanda nisa ake aunawa daga gare su. In kun ga alamar siminti a gona ko a kan dutse, kada ku tumɓuke ta, gama da ita ake raba gardamar iyaka.

Aiki: Ku fita filin makaranta tare da malaminku, ku kafa turaku biyu, ku gwada gano nisan wata itaciya ba tare da kun je gindinta ba.