Ɗan riƙo da ciwon da ido bai gani

A Amurka, idan kotu ta ɗauke yaro daga hannun iyayensa saboda duka, sakaci ko shaye-shaye, wani gida ake ba riƙonsa. Kuɗin maganinsa kuwa Medicaid ke biya, wato inshorar lafiya ta gwamnati da aka kafa a 1965 don masu ƙaramin ƙarfi. Tana biyan har ganin likitan ƙwaƙwalwa da zaman ba da shawara ga yaron da bai kai shekara 21 ba. Tun 2014, wanda ya cika 18 yana hannun riƙo yana ci gaba da amfana har shekara 26.

Amma fa da sauran aiki. Likitoci da yawa ba su karɓar Medicaid don kuɗin kaɗan ne, sai a yi ta jira. An kuma lura ana ɗirka ma ƴan riƙo ƙwayoyin kwantar da hankali fiye da sauran yara, har a 2011 doka ta tilasta ma jihohi su sa ido.

Mu ma nan mun san riƙo: ɗiyar ƙanwa, jika, maraya. Sai dai maganin kyauta na Nijar, tun 2006, yara ƴan ƙasa da shekara 5 ya shafa; in yaro ya wuce nan, nauyin na kanmu. In yarinyar da aka kawo mana ta daina magana, tana fitsarin kwance, tana firgita cikin dare, kada mu yi saurin ɗaukar bulala. Sau da yawa kewar uwa ce ke cin ta. Mu jawo ta jiki, mu kai ta likita. In kuɗi sun gagara, mu kawo maganar ranar zubi.