Yadda ƙirƙirarriyar basira ke sauya aikin malami a aji

A Kwandere, garin da ke gefen Lafiya inda filin jirgin saman dakon kaya na Jihar Nasarawa yake, ɗalibin sakandare ba ya bukatar kwamfuta kafin ya kai ga ƙirƙirarriyar basira, wato AI. Tun da kamfanin Meta ya sanya manhajarsa ta Meta AI cikin WhatsApp a Najeriya a 2024, wayar yaya ko ta mahaifi ta wadatar. Yaro zai rubuta tambayar jinga, amsa ta fito cikin daƙiƙu, ya kwafe ta a littafinsa.

Abin da ke damun malami shi ne maki. Jinga tana cikin gwajin da ake tarawa a zangon karatu, kuma idan na'ura ce ta rubuta, makin bai auna komai ba. Ɗalibin zai gane haka ne a zauren jarrabawar WAEC ko NECO, inda ba a shiga da waya.

Martanin farko a duniya hani ne. Bayan kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT a Nuwamban 2022, hukumar makarantun birnin New York na Amurka ta toshe manhajar a Janairun 2023, amma ta janye matakin a watan Mayu. Manhajojin gano rubutun na'ura ma ba abin dogaro ba ne. OpenAI da kansa ya rufe tasa a Yulin 2023 saboda yawan kuskure. Malamin da ya yanke hukunci da irin wannan shaida na iya zaluntar ɗalibin da ya yi aiki da guminsa.

Saura dabarar da malaman da suka koyar da mu suka sani tun kafin zuwan waya: a tsayar da yaro gaban allo ya yi bayanin abin da ya rubuta, ko a mayar da rubutun insha'i cikin aji. Akwai kuma tambayar da na'ura ba ta iya amsawa da kyau. Idan aka ce ɗalibi ya tambayi kakarsa yadda ake adana doya a rumbu, ko ya kawo farashin ridi a kasuwar garinsu, dole ya fita ya nemo. Wahalar ita ce hakan na cin lokaci, musamman a aji mai cunkoso.

Gwajin da Bankin Duniya ya tallafa wa a Benin ta Jihar Edo a 2024 ya nuna wata fuskar. Ɗaliban SS1 sun yi mako shida suna koyon Turanci da manhajar Copilot bayan tashi daga makaranta, kuma sun fi takwarorinsu ci gaba. Sai dai malamai na tsaye a kansu, suna ba da batu, suna kama na'urar idan ta shara ƙarya. Hukumar UNESCO ma, a jagorar da ta fitar a Satumban 2023, ta ba da shawarar kada a bai wa yaron da bai kai shekara 13 ba irin waɗannan manhajoji.

Malamin Hausa yana da ƙarin aiki. Duk mai sana'ar fassara ya ga yadda na'urorin ke zubar da lanƙwasar haruffa, su mayar da ƙafa ta zama kafa, ko su fassara karin magana kalma bayan kalma. A Satumban 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, wanda aka horar da Hausa, Yarbanci, Ibo da Turancin Najeriya. Kafin amfaninsa ya isa ajujuwan Kwandere, sai an samu wutar cajin waya, kuɗin data da horon malaman da za su duba abin da ya rubuta.